Ɗinkin Karkace

Kakana Vuai tela ne a Ng'ambo,
can bayan Garin Dutse, inda hanya ke ƙarewa a gindin kwakwa.
Kekensa baƙi, mai tafin ƙarfe,
ya kan riga ladanin unguwa farkawa.

Tuta huɗu ya ɗinka, shekara ba ta kewayo ba.

Ja zalla ya tarar a sama tun yana goye,
wadda ba ta neman komai wurin tela sai kalmasa.
Sai aka ce a ɗora mata koren faifai,
a zaunar da kanumfari biyu a tsakiya, ruwan zinare.
Kwana uku yana fama da kanumfarin nan,
har uwata, tana 'yar shida,
ta rantse tana jin ƙamshinsa a jikin yadi.
Wata ɗaya ta yi tana kaɗawa.

Daren da bindiga ta karɓe magana
ya danne keke da buhu, ya hure fitila.
Da gari ya waye, kantin Hemed mai zare a buɗe,
babu Hemed.
An ce jirgin ruwa, an ce rami.
Kakana na riƙe masa kuɗin ƙwarya uku na farin zare,
ya ƙulle su a ƙyalle, bai taɓa kwancewa ba.

Ta biyu, baƙi da rawaya da shuɗi,
ko guga ba ta sha ba aka sauke ta.
Ta uku ta zo da kore, da siririn fari a gefe
kamar wanda ya leƙo taro daga bakin ƙofa.

Sannan rediyo ya ce an ɗaura mana aure da ƙetare.
Wani magatakarda ya zo da zane a takarda:
koren Tanganyika a sama, shuɗin Zanzibar a ƙasa,
baƙi ya ratsa tsakani a gicciye,
rawaya na yi masa rakiya hagu da dama.
Kakana ya juya takardar sau biyu, ya ce,
“Wanda ya zana wannan bai taɓa riƙe almakashi ba.
Yadin da aka yanka a karkace miƙewa yake yi.
In ka ja, ya tattare.
In ka saki, ya zame.
Sai dai ka lallaɓa shi, tafi a kai, kamar mai shafa jinjiri.”

A makaranta an koya mana da bulala:
kore ƙasa, shuɗi teku,
baƙi mu, rawaya arzikin da ke binne.
Na kawo karatun gida ina taƙama.
Ya cire allura daga baki, ya ce,
“An manta zare.
Shi ke riƙe da su duka, kuma ba shi da suna a littafi.”

Ban taɓa jin ya zagi tarayya ba,
ban ji ya yabe ta ba.
In masu shan gahawa suka ɗaga murya,
wannan na cewa an haɗiye mu, wancan na cewa an cece mu,
sai ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa,
ya taka keke har ya rufe muryarsu.

Yau ina kan jirgin safe zuwa Dar es Salaam.
Tutar da ke wutsiyarsa ta kanti ce,
bugun inji, falle ɗaya, ba ɗinki ko kaɗan,
launi kwance kusa da launi kamar ba a taɓa gardama ba.
Gishiri ya ci bakinta.

A jakata akwai matashin da ya yi mini da ragowar yadi,
wanda na yi shekaru ina zubar wa miyau.
Jiya ya fashe a gefe.
Na zura yatsa don in mayar da auduga,
sai ga kanumfari guda, ruwan zinare,
da zanen alli har yanzu a bayansa.

Ɗayan ban gan shi ba.
Na kuma rasa da wane launin zare zan ɗinke.